Wasannin kaka a ƙasar Sakkwato

Daga ƙarshen watan Satumba zuwa watan Disamba, wato lokacin da damina ke janye jiki amfanin gona kuma ke isowa gida, shi ne lokacin da aka fi yin wasanni a karkarar ƙasar Hausa.

A garuruwa irin su Dandin Mahe da ke ƙaramar hukumar Shagari, da maƙwabtanta na ƙasar Boɗinga a jihar Sakkwato, waɗannan wasanni sun dogara ne a kan abubuwa biyu: cikar rumbu da kwanciyar hankali. Idan ɗaya ya yi rauni, dandali kan mutu.

A ƙasashen Turai ma akwai lokacin wasanni. Garuruwan bakin teku na Ingila, irin su Blackpool, kan shirya wasannin kwaikwayo da nune-nune domin baƙin da ke zuwa hutu, kuma akan buga jadawali tun da wuri, a sayar da tikiti, a ware kujeru. Birnin Edinburgh na Scotland yana gudanar da babban bikinsa na wasanni a kowane watan Agusta tun shekarar 1947.

A karkarar Sakkwato babu jadawalin da ake bugawa. Gona ce ke tsayar da lokaci, da goro ake gayya, kuma manomi ne ke biyan makaɗi daga abin da ya noma.

Yadda lokacin yake

Ruwan sama a wannan yanki yakan kankama ne daga watan Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. A watan Agusta ake marka, wadda Sakkwatawa ke kira malka, lokacin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa.

Wannan ne lokaci mafi tsanani ga talaka. Hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana bai nuna ba, aiki kuma ya yi yawa. Shi ya sa ba a cika jin ganga ba a tsakiyar damina, in ban da kiɗan noma da ake yi wa masu gayya a gona.

Gero, wanda a ƙasar Sakkwato shi ake nufi idan an ce hatsi, shi ke fara nuna a cikin Satumba. Yara kan fara cin tumu, daga nan a shiga girbi da ɗaurin dammuna. Dawa da maiwa da wake su biyo baya a Oktoba da Nuwamba.

Malamai da tsofaffin manoma suna da nasu lissafin na taurari 28, bakwai ga kowane yanayi na bazara, damina, kaka da ɗari, kowane tauraro kuma yana ɗaukar kimanin kwana 13. Da wannan lissafi suke gane lokacin da ruwa ya kusa ɗaukewa.

Idan amfani ya iso gida, manomin da abinsa ya kai nisabi yakan fitar da zakka, wato ɗaya bisa goma na abin da ruwan sama ya shayar. Sai a biya bashin damina, a cika rumbu. Abin da ya saura shi ke zama kuɗin aure, da sutura, da na makaɗa. Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ya kamata a bambanta waɗannan wasanni da tashe da hawan Sallah. Su waɗancan suna bin watan Musulunci ne, saboda haka suna matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara. Wasannin kaka kuwa suna nan a wuri guda, domin rana da ruwan sama suke bi.

Kalankuwa

Daga cikin wasannin kaka, wanda ya fi kusa da abin da a yau ake kira wasan kwaikwayo shi ne kalankuwa.

Samari da 'yan matan gari ne ke shirya ta bayan an kawar da amfanin gona, bisa iznin mai gari. Sukan aika goron gayya zuwa ƙauyukan da ke kewaye, a ɗauko makaɗa, a tanadi abinci da masaukin baƙi, a yi kwanaki ana shagali.

Abin da ya bambanta kalankuwa da sauran bukukuwa shi ne matasan kan kafa gwamnati tasu ta wasa. Akan naɗa sarki da waziri da alƙali da dogarai. Da Turawa suka zo, bayan sun ci Sakkwato a 1903, sai aka ƙara da muƙaman da aka gani a wurinsu: gwamna, razdan, di'o, likita da 'yan sanda. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka shiga kwaikwayon ministoci da hafsoshin soja.

Kowa yakan yi shigar da ta dace da muƙaminsa, ya kwaikwayi tafiyar mai muƙamin da maganarsa. 'Yan sandan wasa su kama wanda ya yi wani ɗan laifi, a gurfanar da shi gaban alƙalin wasa, a ci shi tara. Kuɗin tarar kan shiga cikin hidimar bikin.

Masana adabin Hausa sun daɗe suna nuna cewa abin ya wuce raha. A cikin wasan ne talaka ke ganin yadda ake mulkinsa, ya yi dariyar alƙalin da ke karkata ga mai hannu da shuni, ko ma'aikacin da ke cika baki da Turancin da bai iya ba. Maganar da ba ta faɗuwa a gaban hakimi, ana iya faɗinta a dandali ba tare da an ce an yi rashin kunya ba.

Bugu da ƙari, a nan ne matasa ke koyon shugabanci: yadda ake tara kuɗi, a karɓi baƙi, a raba gardama. Aure da dama kuma a nan yake samo asali.

Akwai makamancin wannan a fada, wato wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da fadawansa, har su nuna masa halin wasu na kusa da shi. A Damagaram ta Jamhuriyar Nijar kuma akwai wasan kara, inda ake kwaikwayon manyan ƙasa da kayayyakin da aka ƙera da karan dawa.

Wannan ya nuna cewa Hausawa sun san kwaikwayo tun kafin a kawo shi makarantun boko. Abin da boko ya kawo shi ne rubuta wasan da kuma ɗora shi a kan dandamali.

Dambe da kokawa

Dambe a asali wasan mahauta ne. Da kaka sukan tashi ƙungiya ƙungiya suna bin garuruwa, su yi fawa da rana, da yamma kuma a buɗe fili. Lokacin ya dace da sana'arsu, domin a lokacin ne mutanen ƙauye ke da kuɗin sayen nama.

Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da zare mai ƙarfi, shi ne na duka, ɗayan kuma ya miƙa shi gaba yana kare kansa. Akan yi turmi uku. Wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa, ko da hannu ko gwiwa ce ta taɓa, an ce ya yi kisa.

Sai dai dambe ba ya cika sai da makaɗi. Kalangu ne ke kiran ɗan wasa da takensa, shi kuma ya fito yana kirari, jiki na tsuma. 'Yan kallo na kallon faɗa, suna kuma sauraren waƙa.

Ƙasar Sakkwato ta fitar da makaɗin da ya fi kowa suna a wannan fage, marigayi Muhammadu Bawa Ɗan Anace. Waƙoƙin da ya yi wa Shago da Ɗandunawa sun sa sunayen waɗannan 'yan dambe sun wanzu har bayan rasuwarsu, kuma ana nazarin waƙoƙin a jami'o'i saboda zurfin hikimarsu game da jarunta da mutuwa.

Ita kuwa kokawa wasan manoma ce. Saurayin da ya sha aikin damina, ya kuma ci sabon hatsi ya murmure, yakan so ya gwada ƙarfinsa da na wani gari. Ba a duka, kayarwa kawai ake yi. Wanda ya yi kaye yakan samu kyauta daga masu gari da 'yan mata, garinsu kuma ya yi suna.

Fulanin yankin su ma suna da nasu, wato sharo ko shaɗi, inda saurayi ke tsayawa a buga masa tsumagiya a ƙirji ba tare da ya nuna ya ji zafi ba. An fi yin sa a ranakun kasuwa bayan an sako dabbobi su ci karmami a gonakin da aka girbe.

Masu ban dariya da masu ban mamaki

Kaka ce kuma lokacin yawon 'yan kama, waɗanda ke ɗaukar waƙar wani sanannen mawaƙi ko salon karatun malamai su mayar da shi zancen tuwo da fura. Akwai 'yan gambara masu zambo da habaici a kasuwa, da 'yan tauri masu wasa da wuƙaƙe, da gardawa masu wasa da kura da macizai.

Dukkansu tafiya suke yi daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma sun san ranar cin kowace. A da akan ba su damin hatsi ko kwanon dawa a maimakon kuɗi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda sana'arsu ke ɗaure da gona.

Aikin hannu

Abin da a birane ake kai wa ɗakin nune-nune, a karkara kasuwa da ɗakin amarya ne ke nuna shi.

Da kaka ake fafe duma, a sami ƙwarya da ludayi da masaki, masu sassaƙa su ƙawata su da zane. Mata na saƙa faifai da tabarmi masu launi. Magina na gina sabbin rumbuna, su gyara katangun da damina ta zubar, wasu su yi wa ƙofar gida ado. Yara kuma su ƙera motoci da jirage da karan dawa.

Yawancin auren karkara da kaka ake yin sa, saboda haka jeren ɗakin amarya yakan zama wurin da mata ke zuwa kallon aikin masassaƙa da maƙera da masaƙa. Kwanonin sanholo da na roba sun ture ƙwarya daga wannan matsayi a wurare da yawa.

Dukanci shi ne aikin hannun da ya fi fito da sunan Sakkwato a duniya. Fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin waɗanda fatake ke ƙetare hamada da su zuwa Afirka ta Arewa, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, inda ake yi wa littattafai masu tsada bango da ita. A gida kuma dukawa na yin titimi da jakunkuna da gafaka da kayan doki.

Matsayin malamai

Wannan yanki yana da tarihin da ya sa maganar kiɗa da wasa ba ta zama ƙarama ba. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kafin ya tare a Gwandu.

A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba da wata manufa ta shari'a ba a cikin halayen sarakunan da ya yi wa jihadi. Ya nuna cewa ana buga tambari ne domin wata bukata, kamar tara runduna ko sanar da tashinta.

Malam Abdullahi ya fi tsanantawa a kan wannan batu. Shi kuwa Shehu, a rubuce-rubucensa na baya kamar Najmul Ikhwani, ya yi nuni da cewa akwai saɓanin malamai a kan wasu daga cikin waɗannan mas'aloli, don haka bai kamata a gaggauta hukunta jama'a a kansu ba.

Masu jihadin ba su ƙi waƙa ba. Da ita suka karantar da jama'a cikin Fulatanci da Hausa, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi amfani da ita wajen ilmantar da matan karkara ta hanyar 'yan taru.

Abin da malamai suka fi ƙyama a wasannin kaka shi ne bori da tsafi, da cuɗanyar maza da mata da dare, da batsa, da barin salla. Saboda haka bukukuwan da ke da alaƙa da bautar iskoki suka ja da baya tun da daɗewa, yayin da kokawa da dambe suka ci gaba, ko da yake su ma ana sukar layu da guraye da 'yan wasa ke ɗaurawa.

Muhawarar ta sake tasowa bayan da jihohin arewa, ciki har da Sakkwato, suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000. A wurare da dama an taƙaita kiɗan dare da wasannin da ke haɗa samari da 'yan mata, kuma kalankuwa na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Daga dandali zuwa akwatin talabijin

Tun kafin wannan lokaci, kwaikwayo ya riga ya fara sauya mazauni. A shekarun 1930 Dokta Rupert East ya wallafa wasanni shida na Hausa domin makarantu. A shekarun 1940 Abubakar Tunau, ɗan lardin Sakkwato, ya rubuta Wasan Marafa, wanda ke cikin wasannin farko da Bahaushe ya rubuta da kansa.

Daga baya rediyo da talabijin suka karɓa. Kaduna ta yi suna da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, Jos da Karkuzu, tashar talabijin ta Sakkwato kuma da Idon Matambayi. A 1990 aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin sana'ar finafinan Hausa na bidiyo.

Yanzu saurayi a Dandin Mahe ba ya bukatar jiran kaka kafin ya ga wasa. Yana da shi a wayarsa kowane dare. Bambancin shi ne a kalankuwa shi ne ɗan wasa, kuma hakimin da ake kwaikwaya nasu ne. A waya kuwa ɗan kallo ne kawai.

Dambe ya bi wata hanyar. Ya koma birane, inda ake da gidajen dambe na dindindin a Kano da Abuja da Legas da sauransu, ana biyan kuɗin shiga, ana sa gasar mota ko babur. 'Yan wasa sun kasu ɓangarori uku, Arewa da Kudu da Guramada, kuma ba dole sai ɗan mahauta ba. Hotunan bidiyonsa a intanet sun samu masu kallo har a ƙasashen waje. Wasan ya bunƙasa, amma ya rabu da kaka.

Cin rani da rashin tsaro

Mutanen ƙasar Sakkwato sun daɗe da sanin cin rani. Tun a shekarun 1950 wani masani ɗan Birtaniya, Mansell Prothero, ya yi nazari a kan ɗimbin mazajen da ke barin lardin da rani zuwa kudancin Najeriya da ƙasar da ake kira Ghana a yau.

A da akan tsaya a gama shagalin kaka kafin a kama hanya. Yanzu da gonaki suka ƙanƙance saboda rabon gado, abin da ake nomawa kuma ba ya kai wa gida shekara, matasa da yawa na tafiya da zarar an ɗaure dami na ƙarshe. Wasu kuma na komawa fadama noman albasa da shinkafa da sauran kayan rani, babu sauran lokacin zama.

Babbar matsalar ita ce ta tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun fi tsanani a gabashin jihar, a ƙananan hukumomi irin su Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, inda aka kashe mutane da dama a harin da aka kai kasuwa a watan Oktoban 2021. An kuma samu rahotannin hare-hare a wasu ƙauyukan kudancin jihar.

Wasan kaka na bukatar mutane su taru da dare, baƙi su zo daga nesa, a kwana a waje. Inda ake fargabar taro, ko inda manomi bai samu shiga gonarsa ba, ko ya biya kuɗi kafin a bar shi ya girbe, babu mai maganar ɗauko makaɗi. Makaɗan da kansu sun rage bin ƙauyuka, sun koma bukukuwan birni da tarukan 'yan siyasa.

Abin da wasu suka yi

Akwai misalai biyu a kusa na yadda hukuma ta riƙe irin waɗannan wasanni.

Na farko shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934. Ana yin sa ne da rani a Matan Fada, kuma ban da su da wasannin ruwa, akwai kokawa da dambe da nunin amfanin gona. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Duk da haka bikin ya yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020.

Na biyu shi ne Jamhuriyar Nijar, wadda ta mayar da kokawa wasan ƙasa. An fara gasar a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, kuma ana zagayawa da ita tsakanin jihohin ƙasar takwas, ana watsa ta kai tsaye a rediyo da talabijin. Wannan ya ba saurayin ƙauye dalilin ci gaba da kokawa a garinsu, domin daga can ake fara zaɓen 'yan wasa.

Sai dai kokawa da su suna da sauƙin mayarwa gasa, domin akwai wanda ya ci da wanda aka kayar. Kalankuwa ba haka take ba. Idan aka ɗauke ta daga garinta aka kai ta filin wasa a gaban manyan baƙi, takan koma rawa da ado kawai, domin ba a yi wa mutum shaguɓe alhali shi ya biya kuɗin taron.

A Sakkwato akwai cibiyoyin da aikinsu ya shafi wannan fanni, kamar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ɗalibai sun yi rubuce-rubuce a kan makaɗa da wasannin yankin, amma yawancin abin da aka sani game da yadda kowane gari ke yin nasa yana cikin kawunan dattawan da suka yi wasan da ƙuruciyarsu.

Waɗanda suka riƙe muƙamin sarki ko alƙalin kalankuwa a shekarun 1960 da 1970 yanzu sun tsufa. Ɗaukar bayanansu ba ya bukatar kuɗi masu yawa, kuma aiki ne da malaman makaranta da ɗaliban yankin za su iya yi da wayoyin da ke hannunsu.

Komawar wasan kansa dandali kuwa ya danganta ne da abin da ya dogara a kai tun farko, wato manomi ya noma gonarsa lafiya, ya kawo amfaninsa gida, ya kuma iya zama a waje bayan sallar isha'i ba tare da fargaba ba.